Tsohon ɗan wasa a kujerar alƙali ba ado ba ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu son fim a yankinmu, tun daga fadojin samari na Badagishiri har Illela da Birnin Ƙonni. Da zarar watan Mayu ya kama, hotunan bikin fina-finai na Cannes suka fara yawo a wayoyi, aka nuno wata dattijuwar ƴar wasa aka ce ita ce shugabar alƙalan gasar bana, sai ka ji an ce ai wannan ado ce kawai. An kawo ta ne ta sa tufafi masu tsada, a ɗauki hoto, ƴan jarida su samu abin bugawa, hukunci kuwa tuni an yanke shi a wani ɗakin da ba a nuna mana. Wasu sukan ƙara da cewa ɗan wasa ba shi da hurumin auna fim tun farko, tunda shi aikinsa a ce masa tsaya nan ya tsaya, yi kuka ya yi. Wani matashin malamin makaranta, mutum mai karatu da natsuwa, ya dunƙule ta a gabana da harshenmu na Adar: "Malam, wagga tsohuwa mi tas sani ga zaman duniyarmu?"

Masu wannan magana ba da ka suke yi ba. Sun daɗe suna ganin ana raba kyaututtuka a Turai ba a kiran sunan kowa daga nan, kuma wanda aka saba rufe wa ƙofa yana da damar ya zargi mai gadi. Na yarda akwai ƙofar da aka rufe, zan kuma nuna ta. Inda na saba da su shi ne wanda suka ɗora wa laifin.

A Cannes, fina-finan da ke takarar babbar kyauta, wato Palme d'Or, sukan kai ashirin da ƴan kai. Alƙalai galibi tara ne, daga ƙasashe daban-daban: masu ba da umarni, marubuta, ƴan wasa. Cikin kwana goma sha biyu za su kalle su duka, biyu a yini, wani lokaci uku, ba kuma a yarda su faɗa wa ƴan jarida ra'ayinsu ba sai an gama. Ranar ƙarshe a keɓe su a wani gida, a karɓe wayoyinsu, su yi ta muhawara har su cimma matsaya. Shugabar alƙalai ba sarauniya ba ce da za ta nuna da yatsa a ce an gama. Dole ta shawo kan mutane takwas, cikinsu har da daraktocin da kowannensu ke ganin ya fi kowa sanin fim. Wadda aka kawo don ado ba ta kai labari a irin wannan zama.

To me waɗannan ƴan wasa suka hukunta da aka ba su kujerar? A 1975 shugabar alƙalan Cannes ita ce Jeanne Moreau, ƴar wasan Faransa da ta shekara fiye da ashirin a sana'ar. A gasar akwai fim ɗin Antonioni na Italiya, da na Werner Herzog na Jamus, da na Martin Scorsese na Amurka. Kwamitinta ya tsallake su duka ya ba Mohammed Lakhdar-Hamina na Aljeriya babbar kyautar, saboda fim ɗinsa Chronique des années de braise. Fim ne na kusan awa uku, da ya fara da fari da faɗan ruwa tsakanin ƙauyuka, ya bi wani talakan manomi cikin yunwa da annoba da wulaƙancin mulkin mallaka, har zuwa 1954 da yaƙin neman ƴanci ya ɓarke. Shekara 13 kacal da Aljeriya ta ƙwaci kanta daga hannun Faransa, raunin bai warke ba, amma aka ɗaga fim ɗin da ke tona asirin Faransa a cikin Faransa, ƙarƙashin shugabancin Bafaransiya. Duk Ba'adaren da ya ga farin 1973 da 1974, ya ga rijiyoyi sun ƙafe dabbobi sun zube, zai gane farkon wannan fim ba tare da an fassara masa kalma ɗaya ba. Har yau shi ne fim ɗin Afirka tilo da ya ci wannan kyauta.

A 1987 kuma Yves Montand ne shugaba, ɗan wasa kuma mawaƙi da ya haura sittin. A shekarar ne Yeelen na Souleymane Cissé ɗan Mali ya samu kyautar alƙalai. Masu cewa Turawa ba sa saka wa fim ɗinmu sai in ya nuna yunwa da bara su duba wannan: labarin ɗa ne da uba suna gwabzawa kan ilimin asiri na Bambara, cikin harshen Bambara da Fulatanci, ba mai roƙon kowa komai a ciki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Berlin a 2009. Tilda Swinton ce ke shugabanci, tare da ita akwai Gaston Kaboré na Burkina Faso da wasu biyar. Suka ba Sotigui Kouyaté kyautar gwarzon ɗan wasa, yana da shekara 72. A fim ɗin London River na Rachid Bouchareb ya fito a matsayin wani dattijo Musulmi da ya je Landan neman ɗansa bayan harin bama-bamai na Yulin 2005. Dogo ne siriri, yana dogara sanda, ba ya jin Turanci, kuma maganarsa a fim ɗin ba ta da yawa. Akasarin aikin da tafiya ya yi shi, da tsayuwa, da yadda yake sauraron matar da ita ma take neman ƴarta. Mai kallo na gama-gari zai iya cewa tsohon nan bai yi komai ba. Sai wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamara ya san wuyar rashin yin komai alhali fuska tana ɗauke da dukan labarin. Bayan shekara ɗaya da wata biyu Kouyaté ya rasu. Da alƙalan sun bi suna da farin jini, da ya tafi ba a shaida masa ba.

A 2024 ma Lupita Nyong'o, wadda ba tsohuwa ba ce amma ƴar wasa ce, ta shugabanci alƙalan Berlin, aka ba Dahomey na Mati Diop babbar kyauta, fim kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Ban ce duk hukuncin da ɗan wasa ya jagoranta daidai ne ba. An sha yi wa alƙalai ihu a zauren Cannes, wani lokaci kuma masu ihun ne da gaskiya. Abin da na ce shi ne, idan aka lissafa ranakun da Afirka ta fita kunya a waɗannan gasa, za a tarar da yawansu ɗan wasa ne ke zaune a tsakiyar teburin.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya san filin kokowa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, kowa ya san wanda ake matsawa kusa da shi a bakin fili: tsohon ɗan kokowa. Mu muna kallon ƙirji da damtse da layu, shi yana kallon inda ƙafa ta sauka da wanda numfashinsa ya fara gajarta. Kafin a yi kaye ya riga ya girgiza kai. Ba wanda ya taɓa cewa don ado aka zaunar da shi.

Haka tsohon ɗan wasa yake da fim. Ɗauki fitowar da muka gani sau ba adadi a fina-finan Kano da ake haskawa a gidajen kallo: amarya ta shigo gaida uwar miji. Duk ƴar wasa ta san za ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Amma wata tana durƙusawa ne don an ce ta durƙusa, idonta a ƙasa, kunnenta kuwa yana jiran a gama magana ta faɗi tata. Wata kuma sauraro take yi da gaske. Idan uwar mijin ta jefo magana mai ƙaya, za ka ga yatsun da ke murza bakin mayafin sun tsaya cak, ta ɗan haɗiye yawu, amsar ta makara da daƙiƙa guda. Wannan daƙiƙar ba a rubuce take a takarda ba, kuma darakta ba ya iya ba da umarninta. Wanda ya shekara arba'in yana wannan aiki yana ganin ta ko da bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, kamar yadda yake bambance hawayen da ya taso daga ciki da wanda aka jawo da man zafi. Tambayar da malamin nan ya yi mini tana da amsa a nan. Dattijuwar ba ta san al'adar kunya tsakanin suruka da suruka ba, gaskiya ne, kuma fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ba ta ɗauko rabin abin da aka faɗa. Amma ta san jikin da ke faɗin gaskiya da wanda ke kwaikwayonta, kuma a gasar da fina-finai ke zuwa cikin harsuna goma sha, wannan sani ya fi kowane amfani.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Darakta, komai girmansa, da wuya ya ga yadda wani darakta ke aiki. Nasa filin kawai ya sani. Ɗan wasan da ya tsufa a sana'a ya bi ta hannun daraktoci hamsin ko fiye. Ya ga mai haƙuri da mai gaggawa, ya ga wanda ya san abin da yake nema da wanda ke lalube. Ya ga fitowar da ya lalata aka gyara ta wurin haɗa hoto, ya ga wadda ya ƙware a kai aka yanke aka zubar. Cewa mutum irin wannan bai san fim ba sai abin da aka ce ya yi, rashin adalci ne.

Mu ƴan Nijar ma bai kamata wannan magana ta fito daga bakinmu ba, don tarihinmu ya ƙaryata ta. Oumarou Ganda da wasa ya fara. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indoshin, ya dawo yana dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, a can mai shirya fim Jean Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Daga tsayawa gaban kyamara ya koyi abin da ke bayanta. Da ya tashi ba da labarinsa da bakinsa sai ya yi Cabascabo, labarin sojan da ya dawo gida da kuɗi, abokai suka taya shi cinyewa suka watse, kuma shi da kansa ya fito a ciki. An nuna shi a Cannes a 1969, a sashen masu sharhin fim, shekara tara da samun ƴancin kai. A 1972, karon farko da aka sa kyautar Dokin Yennenga a bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu, shi ya ɗauke ta da Le Wazzou polygame. Har gobe kyautar da ake ba wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko a FESPACO sunansa take ɗauke da shi. Mutumin da ya fara ciyo wa Afirka ta Yamma wannan doki ɗan wasa ne, kuma namu ne.

Yanzu ga ƙofar da na ce an rufe. Alƙalai ba su ne ke zaɓen fina-finan da za su shiga gasa ba. A Cannes wani kwamiti ne daban, ƙarƙashin Thierry Frémaux, ke tace fina-finai fiye da dubu biyu ya fitar da ƴan kaɗan. Alƙali ba ya hukunci kan shari'ar da ba a kawo gabansa ba. Daga 1997, da Idrissa Ouédraogo ya shiga da Kini & Adams, sai da aka shekara 13 ba fim ko ɗaya daga Afirka kudu da Sahara a babbar gasar, har Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya zo a 2010 da Un homme qui crie, ya kuwa tafi da kyautar alƙalai. Najeriya, da duk yawan fina-finanta, sai a 2025 ta samu shiga jerin zaɓaɓɓun Cannes da My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. Kafin fim ya isa teburin masu tacewa yana bukatar sauti mai tsabta, da gyaran launi, da fassara mai kyau, da dillalin da ya san wa zai kira a Paris. Duk wannan kuɗi ne, kuma kuɗin sau da yawa daga asusun Turai yake fitowa, mai ba da kuɗi kuwa yana da irin labarin da yake son ji. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ina cikin masu yin sa. Sai dai a kai shi inda ya dace. Dattijuwar da ke kan allo ba ita ta tace ba, ba ita ta raba kuɗi ba. Nata aikin yana farawa ne bayan an gama wannan duka.

Kuma ƙofar, duk da nauyinta, ɗan yankin nan ya taɓa tura ta. Sani Magori ɗan Galmi ne, a nan ƙasar Malbaza, kuma aikin gona ya karanta kafin ya ɗauki kyamara. A 2008 ya fitar da Pour le meilleur et pour l'oignon, fim na zahiri da ba ƴan wasa a ciki, da Hausarmu. Ya bi wani manomin albasa tun daga dashe har cira, auren ƴarsa yana rataye da abin da gonar za ta bayar da kuma farashin da za a tarar a kasuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da buhunan albasa a kasuwar Badagishiri, ya ga fuskar mai kaya lokacin da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin da bai kai na taki da man injin ban-ruwa ba, ya san wannan labari ciki da waje. A 2009 alƙalan gasar AMAA a Yenagoa ta Najeriya suka ba shi kyautar fim na zahiri. A 2010 ya sake fitowa da Koukan Kourcia, inda ya ɗauki tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka zuga samarin da suka tafi bida, ya kai ta har Abijan don ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi gida. Wane gida ne a Adar ba shi da wanda ya tafi bida ya daɗe? An kalli waɗannan fina-finai a ƙasashe da dama. Ina so kowane mai cewa alƙalan waje ba su damu da mu ba ya tambayi kansa ko shi ya taɓa neman ya gan su.

Haka mai shirya fim ɗinmu Moustapha Alassane. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa a ƙarshen rayuwarsa, yana riƙe da masauki, yana zana ƴan kwaɗinsa yana motsa su hoto bayan hoto a ɗakin da ya mayar wurin aiki. Motocin da ke tashi daga Ƙonni zuwa Tawa ta Badagishiri suke ratsawa, amma mutum nawa ne a cikinsu suka san wanda ke zaune a ƙarshen hanyar? Ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2017 gidan adana fasaha na MoMA a New York ya ware kwanaki yana nuna ayyukansa.

A ganina nan ne asalin maganar take. Muna ɗaukan tsohuwar ƴar wasan Turai a matsayin ado ne saboda mun saba raina tamu. Zalika Souley ta fara fitowa a 1966 a Le Retour d'un aventurier na Alassane, ta yi Cabascabo, ta yi Le Wazzou polygame, tana cikin matan farko a Afirka kudu da Sahara da suka riƙi wasan fim sana'a. Sau da yawa matsayin mace marar kunya ko muguwa ake ba ta, ta kuwa iya shi har mutane suka kasa raba ta da shi, aka riƙa zaginta a gari. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar sai ta koma zaman talauci a Yamai, daga baya ta fita waje aikatau. Rahmatou Keïta ce ta ɗauki labarinta a fim ɗin Al'lèèssi, aka nuna shi a Cannes a 2005. Ta rasu a Yulin 2021. Mace mai irin wannan tarihi, da a Faransa aka haife ta, roƙonta za a yi ta zo ta shugabanci alƙalai. A Kano ma an ga ƙurar da ta tashi a 2022 lokacin da tsohuwar ƴar wasa Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa ɗan abin da ake ba ta idan ta fito a fim. Wasu masu shirya fim sun musanta, an yi ta ce-ce-ku-ce, amma ko a cikin masu kare ta, tausayi aka fi nunawa. Ba a cika jin mai cewa wannan baiwar Allah tana da ilimin da ya kamata a zauna a ɗauka ba.

Abin yana ba ni ciwo, domin irin waɗannan mutane suna nan tare da mu. Zamanin Seyni Kountché, lokacin samariya da bikin matasa na ƙasa, da wuya ka samu gari a jihar Tawa da ba shi da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma a rediyo da tele irin su Yazi Dogo sun nuna abin da Hausa za ta iya a dandali. Samarin da ƴan matan wancan lokaci yanzu dattawa ne. Wasu suna saida goro, wasu suna jiran jikoki. Idan makarantu suka shirya gasar wasan kwaikwayo a ƙarshen shekara, ko matasa suka haɗa gasar gajerun fina-finan da suke ɗauka da waya, kujerar alƙali takan tafi ga babban baƙo, ko wanda ya ba da gudummawa mafi tsoka. Girmama baƙo ba laifi ba ne, a ba shi kujerar gaba da lasifika. Amma takardar maki a miƙa ta ga wanda ya taɓa mance maganarsa a gaban jama'a ya san yadda ake fita, a biya shi ladan zamansa, a kuma ba shi dama ya faɗa wa yaran dalilin hukuncinsa: Ɗana, ka yi sauri a nan, ƴata, kin kalli jama'a alhali mijinki ke magana.

Masu gidajen matasa na Illela da Ƙonni da Malbaza za su iya farawa da abin da ke kusa. A nemi izinin Sani Magori, a kafa farin ƙyalle a Badagishiri daren kasuwa, a haska fim ɗin albasa. A zaunar da tsofaffin ƴan wasan samariya uku ko huɗu a gaba, da manoma biyu, idan an gama su faɗi inda ya dace da inda ya kauce, samarin fada kuma su yi musu da su.